Ranar da Datti Bai Yi Wasa Ba

"Ɗauke buhun nan, Datti! Yanzu, ina tsaye, ka ɗauke shi!"

Hashimu na bakin ƙaramin kanal ɗin da ke shayar da gonakinsu, yana nuna buhun da yatsa. Hantsi bai yi ba tukuna. Ranar Talata ce, ranar ruwansa, kamar yadda ƙungiyar manoman layin ta tsara. Amma da ya iso sai ya tarar an toshe bakin magudanarsa da buhun yashi, ruwan duk ya karkata cikin masarar maƙwabcinsa. Albasarsa kuwa kwana shida rabonta da ruwa, ganyenta har ya fara kwanciya.

Datti ya fito daga cikin masarar, wando a naɗe zuwa gwiwa, yana dariya.

"Haba Hashimu! Litinin da Talata ai uwarsu ɗaya. Aron awa guda na yi."

"Aro ake yi ba a tambayi mai abu ba?"

"To ga shi ina tambaya. Ka ara min?"

Da wata rana ce da Hashimu ya yi dariya, don duk Unguwar Tambaya babu wanda yake iya riƙe fushi da Datti. Mutum ne gajere mai kauri, ya ba hamsin baya, wanda in ya zauna a majalisa har liman sai ya toshe baki da hannun riga. Shi ne mai kwaikwayon tafiyar dagaci, shi ne mai muryar dillalan tumatir. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Hashimu shekara talatin, kuma tare suka yi karatun allo. Amma ranar Hashimu ya tashi da abubuwa da yawa a kansa: ga tumatir da aka tsinke jiya yana jiran a kai kasuwa, ga albasa tana ƙonewa, ga kuma wannan shi ne karo na uku da Datti ya yi masa haka a ranin nan.

"Kai ka ajiye shi, kai za ka ɗauke shi," in ji Hashimu. "Ni ba zan sa masa hannu ba."

Datti ya ɗaga kafaɗa, ya shiga ruwan. Buhun ya jiƙe sharkaf, nauyinsa ya ninka. Ya sunkuya, ya kama kunnuwansa biyu, ya riƙe numfashi, ya yunƙura. Ya kai shi daidai ƙirji ke nan sai ya sake shi. Ruwa ya yi tsalle ya jiƙa su duka.

"Wayyo Allah!" Muryar ba irin wadda Hashimu ya saba ji ba ce. "Hashimu, an tsaga ni. Wallahi wani abu ya tsage."

Ya dafe ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana miƙa shi baya, yana neman tsakanin kafaɗunsa kamar mai son cire wani abu da aka soka masa. Ya rarrafo zuwa gaɓa ya durƙusa. Gumi ya karyo masa lokaci ɗaya.

Hashimu ya dube shi, ya yi tsaki.

"Kunamar bara ce ta dawo?"

Kowa ya san labarin kunamar. Bara, ranar da aka yi gayyar yashe kanal, Datti ya kurma ihu ya ce kunama ta harbe shi. Aka ɗauke shi aka kai gindin bishiyar maina, aka yi ta yi masa fifita. Sai da aka gama aikin aka kawo fura sannan ya miƙe garau, ya ce kunamar ta aiko da ban-haƙuri. An yi wata guda ana dariyar abin.

"Ba wasa nake ba," in ji Datti, da ƙyar.

"Ai ba ka taɓa wasa ba."

Hashimu ya shiga ruwan da kansa, ya ja buhun gefe. Ruwa ya kama hanyar albasa, shi kuma ya ɗauki fartanya ya bi shi yana buɗe masa kwami ɗaya bayan ɗaya. Can da ya waiga sai ya hangi 'yan ƙwadago biyu daga gonar gaba sun tallafi Datti, sun nufi gari da shi, yana jan ƙafa a tsakaninsu. Hashimu ya ɗaga murya yadda za su ji.

"Kada ku wahalar da kanku! Yana ganin ƙofar gida zai warke!"

Wajen ƙarfe tara yana ƙofar gidansa, ana ɗaure kwandunan tumatir a bayan a-kori-kurarsa. Ita kaɗai ce mota a unguwar ranar, sauran duk sun fita tun da sassafe. Yana jan igiya sai ya ji sallama a bayansa. Saude ce, matar Datti, cikin dogon hijabi, da takalman da ba su dace da juna ba. A shekara talatin bai fi sau biyu ta taɓa fitowa ta yi masa magana a waje ba. In da saƙo, ta kan katanga take gaya wa matarsa Hawwa.

"Malam Hashimu, ina kwana."

"Lafiya lau, Saude. An tashi lafiya?"

"Da sauƙi dai. Baban Murja ne. Mai kemis ya zo ya yi masa allura, ya ce olsa ce ta taso. Ciwon ya ɗan lafa, amma ni ban taɓa ganinsa haka ba. An kawo babur, ya kasa zama a kai. Shi ne na ce ko za ka taimaka ka kai mana shi asibiti."

Hashimu ya ci gaba da ɗaurin igiyarsa. Manyan motocin kudu kafin azahar suke gama lodi a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, kuma tumatir ɗin da ya wuni a rana sai dai a shanya shi.

"Saude, kin fi ni sanin mijinki."

"Na fi ka saninsa. Shi ya sa na fito."

Maganar ta ɗan taɓa shi, amma sai ya tuna dariyar da Datti ya yi masa a bakin kanal, ya ji ransa ya sake ɓaci.

"Ai kin ce mai kemis ya duba shi. A ba shi kunu ya sha, ya kwanta. In na dawo, in har bai ware ba, sai mu tafi."

Ta ɗan tsaya, sannan ta juya. Daga cikin zauren gidansa Hawwa ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, ko leƙa shi ka yi mana."

Daga inda motar take zuwa ƙofar Datti taku goma ne. Hashimu ya ƙirga su daga baya, ba sau ɗaya ba. Amma a lokacin sai ya shiga mota, ya jefa wayarsa cikin aljihun gaban motar, ya tayar.

Kasuwa ta yi kyau ranar. Kafin ƙarfe sha biyu ya sauke kayansa duka. Maimakon ya juya gida, sai ya zauna a rumfar mai shayi inda manoman yankinsu ke taruwa. Wani ya tambaye shi ina mutuminsa Datti, yau ba a ji muryarsa ba. Nan Hashimu ya ajiye kofi, ya miƙe, ya ba su labarin buhun yashi. Har ya dafe ƙirji, ya miƙa hannu baya, ya maƙale murya: "An tsaga ni! Wallahi an tsaga ni!" Rumfar ta kaure da dariya. Wani dillali mai suna Mudassiru har da ƙwalla, yana cewa wannan Datti ba zai canza ba. Hashimu ya ci shinkafa da wake, ya jira aka yi sallar azahar, sannan ya nufi mota.

Da ya ciro wayar sai ya ga kira tara, duk na Hawwa.

"Malam, ina ka shiga?" Ba ta ko gaishe shi ba. "Ƙafar Datti ta mutu. Ciwon ya sauko ƙugunsa. An nemi mota har bakin titi, wanda aka samu ya ce ba zai shigo hanyarmu ba."

Bai san yadda ya tuƙo motar ba.

Ɗakin Datti cike yake da warin man zafi. Yana kwance a katifa, an tokare shi da matashi biyu. Fuskar nan mai ƙiba ta zama toka-toka, leɓɓansa sun bushe. Ƙanensa Baballe na durƙushe yana murza masa ƙafar hagu. Hashimu ya taɓa ƙafar, ya janye hannu da sauri. Sanyi ƙalau take, kamar randa, alhali ta dama da ɗuminta.

Datti ya buɗe ido.

"Ka sayar?"

Hashimu ya gyaɗa kai.

"Madalla," in ji Datti, ya mayar da idonsa ya rufe.

Da katifar suka ɗauke shi, suka shimfiɗa a bayan motar, a kan ruwan tumatir ɗin da bai gama bushewa ba. Saude ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta, Baballe ya riƙe zani yana tare musu rana. Hanyar da ta bi gefen babban kanal duk ramuka ce. Kowane rami motar ta faɗa sai Hashimu ya ji nishin Datti ta tagar baya, sai ya rage gudu. In ya rage kuma sai ya ga kamar ba sa tafiya.

A asibitin gwamnati likitar da ke aiki ranar mace ce, ba ta kai 'yar Hashimu ta fari a shekaru ba. Nas-nas suna kiranta Dakta Saliha. Ta sunkuya kusa da Datti.

"Baba, yaya ciwon ya fara? A hankali ko lokaci ɗaya?"

"Lokaci ɗaya. Kamar an kama yadi an keta. Daga nan," ya nuna ƙirji, "har baya. Yanzu kuma ya gangaro."

"Kana da hawan jini?"

Saude ce ta amsa. "Shekara uku ke nan da aka gaya masa. Ya sha magani wata biyu ya bari. Ya ce shi ba ya jin komai a jikinsa."

"Me yake yi lokacin da abin ya fara?"

Hashimu ya ce, "Buhu ya ɗaga. Na yashi."

"Ƙarfe nawa?"

"Wajen bakwai."

Likitar ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Uku da ashirin. Ba ta ma kalli Hashimu ba, amma shi ya ji kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa.

Ta ɗaura abin awon jini a hannun dama, ta rubuta. Ta mayar hannun hagu, ta dubi abin da ya nuna, ta sake aunawa. Ta lalubi bugun jini a ƙafafunsa biyu, ta daɗe a kan ta hagun. Daga nan komai ya koma da sauri. Aka liƙa masa wayoyi a ƙirji, aka tura shi ɗaukar hoto, aka sa masa ruwa da allurai. Bayan kamar rabin awa ta kira Baballe da Hashimu baranda. Saude ta biyo su.

"Ni ma zan ji," ta ce.

Likitar ta gyaɗa kai. "Noman rani kuke yi ko? To kun san mesar injin ban-ruwa, mai kaurin nan. Ba fata ɗaya ba ce, akwai ta ciki, akwai zare a tsakiya, akwai ta waje."

"Haka ne," in ji Baballe.

"A jikin mutum akwai babbar jijiyar jini, ita ce uwar sauran. Daga zuciya take fitowa, ta lanƙwaso ta bi ta gaban ƙashin baya, ta sauka ciki, ta rabu zuwa ƙafafu. Kaurinta ya fi babban yatsan hannu. Ita ma bangonta hawa uku ne. In jini ya daɗe yana bugunta da ƙarfi, kamar yadda hawan jini ke sawa, sai fatar cikin ta yi rauni. Wata rana sai ta tsage. Jini ya kutsa ta tsagar, ya shiga tsakanin fata da fata, ya yi ta ɓare su yana tafiya. Shi ya sa ciwon ya fara a ƙirji ya koma baya, yanzu ya sauko ƙugu. Inda ɓarewar ta kai, nan ciwon yake."

"Ƙafar fa?" in ji Saude.

"In ɓarewar ta iso inda wata jijiya ta yi reshe, sai ta matse bakinta, jini ya daina isa. Abin da ya sami ƙafar ke nan. Hannunsa ma awon ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba. Ba olsa ba ce, Mama. Ba ni da na'urar da za ta nuna mini tsagar ƙuru-ƙuru, sai a babban asibiti a Kano, amma duk alamun sun haɗu. Na ba shi maganin da zai sauke jinin ya rage bugun zuciya, don a sassauta wa jijiyar. In tsagar kusa da zuciya take, sai an yi masa aiki, kuma da gaggawa. Fatar waje kaɗai ta rage tana riƙe da jinin. In ta fashe, babu abin da kowa zai iya."

Baballe ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Hashimu ya sha ganin mesa ta yi ƙulu a gefe ɗaya kafin ta fashe. Ya san yadda take kumbura a hankali, da yadda take yi in ta tashi yi. Ya dafa ginshiƙin barandar.

Likitar ta yi waya Kano, ta rubuta takarda, ta sa aka fito da motar asibiti. Ana turo Datti a kan gado mai taya, allurar ta ɗan sassauta masa, idonsa a buɗe. Ya hangi Hashimu ya yafito shi da yatsa. Hashimu ya sunkuya.

"Ka rufe ruwan albasar nan kuwa? Kada ya yi mata yawa."

"Na rufe."

"To. Ka yafe min ruwan da na sata."

Maganar tana bakin Hashimu. Tun daga Kwanar Gafan yake jera ta: ni ne zan nemi gafara, ni na sa ka ɗaga, ni na ƙi kawo ka. Amma ga Baballe, ga nas, ga direba na jira, ga Saude tsaye. Sai ya ji kansa yana cewa:

"Bar wannan maganar. Sai ka warke."

Aka tura gadon ciki, Saude da nas suka shiga, aka rufe ƙofa.

Shi da Baballe suka bi su a a-kori-kura. Motar asibitin na gaba tana jiniya, manyan motoci na kaucewa, Hashimu ya manne mata a baya, bai taɓa taka tsohuwar motarsa haka ba. Suka wuce garin Karfi. Suka hau gadar Tamburawa, masu ɗiban yashi na ta aikinsu a ƙasa. Sun sauka daga gadar da kaɗan sai jiniyar ta ɗauke. Motar ta rage gudu, ta kunna sigina, ta gangara gefen titi a hankali, ta tsaya.

Baballe ya buɗe ƙofa tun kafin Hashimu ya gama tsayawa. Hashimu kuwa ya zauna, hannunsa biyu a kan sitiyari, yana kallon siginar tana ƙiftawa.

Sai da suka koma asibitin da gawar Datti don a rubuta takarda. Rana ta yi ja. Hashimu ya tsaya a baranda har Dakta Saliha ta fito, sannan ya tare ta.

"Likita, don Allah tambaya gare ni. Buhun nan, ni na matsa masa ya ɗaga. Shi ya kashe shi?"

Ta tsaya, ta dube shi sosai a karo na farko.

"Buhun ba shi ya raunata jijiyar ba, Baba. Shekarun da jininsa ya yi yana hawa ba magani ne suka cinye ta. Yunƙurin zai iya zama shi ya ƙarasa ta, amma da ba ta tsage yau ba, tana iya tsagewa gobe, ko yana zaune a tabarma."

"To da an kawo shi da safe fa? Ƙarfe tara?"

Likitar ta ce:

"Wannan ciwon mugu ne. Akwai wanda yana kan gadon asibiti zai same shi, kuma ba zai tashi ba. Akwai kuma wanda aka yi wa aiki ya koma gidansa. Abin da na sani shi ne kowace awa da ta wuce tana rage damar. Ba zan ce maka da ya rayu ba, don ban sani ba. Amma ba zan ce maka duk ɗaya ne ba."

"Na gode," in ji Hashimu. Shi kansa bai san me yake gode wa ba.

Washegari da hantsi aka kai Datti. Jama'a ta taru fiye da yadda unguwar ta taɓa gani, daga Kadawa, daga Bunkure, har da 'yan kasuwar tumatir. Bayan an dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Duk wanda ya yi wa Baballe gaisuwa sai ya juyo ga Hashimu ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Sannu Malam Hashimu. An ce kai ka yi ta fama da shi har Tamburawa. Allah ya saka da alheri."

Liman ma, da ya gama addu'a, sai da ya ce a yi koyi da irin wannan maƙwabtaka, mutum ya dawo daga kasuwa ko ruwa bai sha ba ya ɗauki ɗan'uwansa. Aka ce amin. Hashimu ya sunkuyar da kai yana kallon saƙar tabarma. 'Yan ƙwadagon nan biyu da suka rako Datti gida suna can gefe a zaune. Ba su ce komai ba, kuma shirun nasu ya fi masa ciwo.

Can sai ga Mudassiru dillali. Ya bi layi yana gaisawa, har ya iso kan Hashimu. Suka haɗa ido. Mudassiru ya ce, "Ya haƙuri?" da sauri, ya wuce. Hashimu ya ga yadda ya je can ƙarshen tabarma ya zauna ya ba shi baya.

Kwana biyu bai iya cin abincin kirki ba. Hawwa ta kawo, ta ɗauke. Ba ta yi masa gori ba ko sau ɗaya. A rana ta uku da safe, bayan an yi addu'a mutane sun ragu, ya ce mata:

"Shiga ki tambayi Saude ko zan iya zuwa in yi mata gaisuwa."

Hawwa ta dube shi, ta ɗauki mayafi.

Rabonsa da tsakar gidan tun ranar da suka fito da katifa. Murja, 'yar Datti da ke aure a Madobi, tana bakin rijiya tana wanke kayan mahaifinta, don a raba wa mabuƙata. Ta durƙusa ta gaishe shi, "Baba, ina kwana," kamar yadda take yi tun tana ƙarama. Ya amsa bai kalle ta ba. Saude na cikin ɗaki, an saki labule. Hawwa ta shiga ta zauna kusa da ita. Hashimu ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Saude, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. An gode."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin."

Nan gaisuwa ta ƙare, nan ya kamata ya tashi. Bai tashi ba.

"Akwai abin da ba ki sani ba. Buhun nan, ni na ce sai ya ɗaga. Da ya faɗi, na ce ƙarya yake. Da kika zo, ba don tumatir kaɗai na ƙi ba, haushinsa nake ji. Na gama ciniki tun sha biyu, na zauna shan shayi." Ya sunkuyar da kai. "Na kwaikwayi kukansa a rumfar mai shayi, mutane suna dariya. Ana ta yi mini addu'a a waje, ni kuwa abin da na yi ke nan."

Aka ji ƙarar guga a rijiya.

"Na buhu na sani," in ji Saude daga ƙarshe. "Shi ya gaya mini. Na rumfar mai shayi ne ban sani ba."

Hashimu ya runtse ido.

"Da na dawo daga wurinka ranar, ina kuka, na ce masa ka ƙi. Ka san abin da ya ce? Ya ce, ƙyale Hashimu, ni na saba masa. Ya ce wanda ya yi ƙaryar kunama ba shi da bakin magana. Har yana so ya yi dariya, ciwon ya hana shi." Ta ja numfashi. "Shi kam bai tafi da kai a ransa ba. Wannan zan iya yi maka shaida."

"Ke fa?"

"Ni ba shi ba ce, Malam Hashimu. Na fito da ƙafata na tsaya a gabanka. Kwana ya ƙare, na sani, ko da ka ɗauke shi wataƙila da hakan za ta faru. Amma in na ce maka yau na yafe, na yi maka ƙarya, kuma ina cikin takaba ba zan fara da ƙarya ba. Ka ba ni lokaci. Ba zan gaya wa kowa ba, ko Baballe."

"Ba don ki rufa mini asiri na zo ba."

"Na sani. Ba don kai zan yi shiru ba. Yarinyar can Baba take ce maka."

Ya daɗe a tsugune. Ya ji Hawwa na jan hanci a ciki. Sannan ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri," ya dafa gwiwa ya miƙe, ya zura takalmansa.

Murja ta gama shanya. Igiyar ta ratsa tsakar gidan daga wannan bango zuwa wancan, ta yi ƙasa saboda nauyi: riguna huɗu, wanduna, da farar jamfar Juma'a a tsakiya. Babu hanyar zaure sai ta ƙarƙashinsu. Hashimu ya sunkuya ya bi ta ƙasan jamfar. Ɗigon ruwa ya sauka a ƙeyarsa, mai sanyi, ya gangara cikin rigarsa a hankali. Ya tsaya a bakin zauren, hannayensa a sake, yana jin sa yana sauka.